Anguwan Rukuba: Tarihin Zama, Neman Abinci da Haƙƙin Maƙwabtaka



Duk wanda ya san Jos ya san sunan Anguwan Rukuba. Unguwa ce a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, a kan titin nan da ya zagaye gari wanda ake kira Bauchi Ring Road, ba nisa da Nasarawa, Dutse Uku da Tina Junction. Baƙi sukan rikita ta da titin Rukuba Road, wanda ya tashi daga Gada Biyu ya nufi ƙasar Bassa inda barikin soja yake, alhali kuwa wuri biyu ne daban, kowanne a nasa ɓangaren gari.

Abin da ya sa muka ɗauko tarihin wannan unguwa shi ne, a yau muna da samari da 'yan mata da aka haifa bayan shekarar 2001, sun yi aure har sun fara tara iyali, amma ba su taɓa taka ƙafarsu cikin Anguwan Rukuba ba. Abin da suka sani game da ita bai wuce cewa wuri ne da ake ce musu kada su shiga ba. Haka su ma 'ya'yan can, abin da suka sani game da Anguwan Rogo ko Gangare ke nan. Iyayenmu kuwa sun zauna can, sun yi ciniki can, sun ci bashi sun biya, an yi musu alheri sun rama. Idan muka yi shiru har masu wannan labari suka ƙare, to 'ya'yanmu za su gaji tsoro kawai, ba za su gaji sanin abin da ya haɗa mu ba. Waiwaye dai adon tafiya ne.

Abin da sunan yake faɗa

Rukuba suna ne da Hausawa suka san wata al'umma da shi, wadda ƙasarta take yamma da Jos, a Ƙaramar Hukumar Bassa ta yanzu. Su da kansu suna kiran kansu Bace, ƙasarsu kuma Kice, sarkinsu yana riƙe da sarautar Utu Ugo Kice. Manoma ne na asali, an kuma san su da dawaki da farauta. Kalmar "anguwa" kuwa Hausa ce, ita ce dai unguwa a bakin mutanen Jos. Ke nan sunan wurin ya haɗa harshen wasu da sunan wasu, kuma haka aka saba raɗa wa wuri suna a garuruwanmu: a kira shi da mutanen da aka san shi da su, ko da sana'ar da ake yi a ciki, ko da wata alama da ido ke gani.

Mu duba sauran unguwannin gari mu gani. Tudun Wada, Dogon Dutse, Dogon Ƙarfe, Farin Gada, Gada Biyu, Dutse Uku, Anguwan Rimi, Anguwan Rogo, Daɗin Kowa, 'Yan Shanu, 'Yan Kwalli, Katako. Da yawa daga cikin waɗannan wurare a yau ba Hausawa ne suka fi yawa a cikinsu ba, amma sunan na Hausa ne, domin Hausa ita ce harshen da Berom, Anaguta, Afizere, Rukuba, Irigwe, Ngas, Tarok, Fulani, Kanuri, Nupe, Yarabawa, Ibo da Urhobo suka haɗu a kansa a ramin kuza da kasuwa. Har a coci ma da ita ake wa'azi da waƙa, tun bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Wannan ba hujja ba ce ta mallakar ƙasa, kuma ba gardamar waye mai Jos muka zo yi ba. Abin da yake nunawa shi ne, an daɗe ana cuɗanya, har harshe ɗaya ya ishi kowa ciniki.

Kuza ce ta tara mu

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Hausa suna narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Waɗannan tsinkayen kuza ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, ya aiko masu bincike a 1902. Daga baya Kanar Laws ya hawo tudun nan ya kafa sansani a Naraguta tsakanin 1903 da 1904, aka fara haƙa gadan-gadan.

Da farko a ka ake ɗaukar kuzar, 'yan dako su yi ta tafiya kwana da kwanaki har Loko a bakin kogin Binuwai. Sai a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos, sannan a 1927 babban layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya shigo gari. A 1926 aka ƙirƙiro Lardin Filato, Jos ta zama hedikwatarsa. Wutar lantarkin da kamfanin NESCO ya samar daga ruwan Kurra don injunan haƙa, ita ta sa wannan yanki ya riga garuruwa da dama ganin lantarki.

Aikin ramin kuza aiki ne mai cin mutane da yawa. Daga Kano, Katsina, Zariya, Bauchi, Barno, har da ƙasar Nijar da Chadi, matasa suka yi ta kwararowa neman kuɗin haraji da na aure. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ma suka shigo, wasu aikin lebura, wasu kawo itace da hatsi, mata kuma suna ɗaukar kwanon ƙasa a ka suna wankewa a bakin rafi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuzarta, sai aka ɗora wa Filato nauyin cike giɓin. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta ɗibar mutane aikin dole daga lardunan Arewa. Mutane da yawa sun mutu saboda sanyin tudu, yunwa da cututtuka, kuma ramin bai tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba.

Turawa sun raba gari gida biyu: ɓangaren da suke zaune su da manyan ma'aikata, da kuma garin 'yan ƙasa inda talakawa suke. Da gari ya cika, sai mutane suka riƙa fita gefe suna kafa matsuguni a gindin duwatsu, wanda ya riga zuwa ya ja ɗan garinsu, shi ma ya ja wani. Ta irin wannan hanya unguwannin gefen gari suka tsiro, suka yi ta faɗaɗa har suka haɗe da juna, ta yadda mutum zai fito daga Nasarawa ya shiga Anguwan Rukuba bai san inda wannan ta ƙare waccan ta fara ba.

Yadda unguwa take neman abinci

Ba kowa ne ya shiga rami ba. Mafi yawan kakanninmu hidimar masu shiga ramin suka zo yi. Akwai mahauta, masu tsire da balangu, 'yan koli, 'yan tireda, teloli, wanzamai, masu gyaran takalmi, masu shayi, 'yan ga-ruwa, dillalan shanu da na hatsi, daga baya kuma direbobi da kanikawa. Fulani suna kawo nono da man shanu. Matan Berom, Afizere, Anaguta da Rukuba suna kawo acca, gero, dankali, rizga da itacen girki. Ibo suna riƙe da kayan gini, magunguna da kayan gyaran mota, Yarabawa da atamfa, goro da ɗinki. Kowa yana da abin da yake sayarwa, kowa kuma yana da abin da dole sai ya saya a hannun wani.

Noman lambu misali ne mai kyau. Turawan kuza suna son kabeji, karas, latas da dankalin Turawa, sanyin Jos kuma ya karɓi waɗannan kaya. Manoman rani daga ƙasar Hausa suka kawo dabarar ban ruwa da jigo, suka yi lambuna a bakin rafin Dilimi. Filin na masu ƙasa ne, suna ba da aro ko haya, dabarar kuma ta baƙi ce, har 'yan ƙasa suka koya suka ƙware, injin ban ruwa ya maye gurbin jigo. Kududdufan da kamfanoni suka bari bayan sun kwashe kuza, waɗanda suka ci rayukan mutane da dabbobi, su ne yanzu ake jan ruwansu a yi noman rani. Kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, wadda manyan motoci ke lodi daga cikinta zuwa Abuja da kudancin ƙasa, 'yar wannan haɗin gwiwa ce.

Abin da ya riƙe wannan ciniki duka shi ne bashi da amana. Ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta yana karɓar nama da kayan shayi a rubuta, sai ƙarshen wata ya biya. Mai tireda ya san albashin wa ya makara, ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da ake jinya. Mai sayar da masa tana karɓar shinkafa bashi da safe ta kawo kuɗi da yamma. Mata suna zuba adashe tare, uwar adashe tana iya zama Maryamu mai zuwa coci, masu zubi rabinsu matan kulle ne da ke aiko yara da kuɗinsu. Yaro yana koyon kanikanci ko kafinta a wurin ubangidan da ba addininsu ɗaya ba, idan ya ƙware a yaye shi a ba shi kayan aiki. Babu takarda, babu lauya. Jinginar da ake bayarwa ita ce sanin gidanka da sanin mahaifinka.

Bashi irin wannan ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da ke ganin juna kullum. Shi ya sa muke cewa maƙwabtaka ita ce jarin farko na talaka. Tuwon salla da naman layya da ake aikawa gidan maƙwabci, da shinkafar Kirsimeti da cincin da ake ramawa da su, har da al'adar nan ta kiran mahauci Musulmi ya yanka dabbar Kirsimeti don kowa ya iya ci, duk suna cikin abin da ke sabunta wannan amana shekara-shekara.

Zamanin da gari ya bunƙasa

Kuza ta fara ja da baya tun wajen shekarun 1970, farashinta kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Amma kafin nan Jos ta riga ta sami wasu ƙafafun tsayawa. Kamfanin NASCO ya fara aiki a 1963. A 1967 gari ya zama babban birnin Jihar Binuwai da Filato ƙarƙashin Joseph Gomwalk, a 1976 kuma na Jihar Filato. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ma'aikata da ɗalibai suka cika gari suna neman ɗakin haya, unguwanni irin su Anguwan Rukuba suka amfana, domin suna kusa da cikin gari kuma haya ba ta kai ta tsakiyar birni tsada ba. Wanda yake da fili ya gina ɗakuna a jere, mai shago ya buɗe a bakin titi, mai abinci ta kafa tukunya.

Kambin wannan zamani shi ne Babbar Kasuwar Jos da ke Taminus, wadda aka kammala a 1985, mai rumfuna sama da 4,000. Ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, 'yan kasuwa suna zuwa sari daga jihohin maƙwabta har da Kamaru, Chadi da Nijar. Mutumin Anguwan Rukuba da na Anguwan Rogo suna iya zama rumfa na jikin rumfa, wannan ya tsare wa wancan kaya idan ya tafi masallaci ranar Juma'a, wancan ya karɓar wa wannan kuɗi idan wani uzuri ya taso masa. A wannan gari ne Ɗan Maraya Jos ya yi ta kaɗa kuntiginsa yana waƙar talakawa da masu ƙananan sana'o'i, kowace ƙabila tana saurare.

Ba muna cewa zamanin da babu saɓani ba ne. An yi rikici tsakanin Hausawa da Ibo a Jos a 1945, an kuma yi mummunan kisan 1966 wanda ya sa Ibo da yawa suka bar gari. Sai dai bayan kowanne, mutane sun koma sun zauna a layi ɗaya.

Lokacin da bango ya tsage

A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Jos, aka sami Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Daga nan gardamar waye ɗan ƙasa waye baƙo, da wa zai riƙe kujerar ƙaramar hukuma, ta ƙara zafi. An yi rikici ranar 12 ga Afrilu 1994. Sai kuma na ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, wanda cikin ƙasa da mako ɗaya ya ci rayuka kusan 1,000. A watan Fabrairu 2002 Babbar Kasuwa ta ƙone. A ƙarshen Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, an sake rasa ɗaruruwan mutane, haka kuma a Janairu da Maris na 2010. Ranar jajiberin Kirsimeti, 24 ga Disamba 2010, bama-bamai suka tashi a Anguwan Rukuba da Kabong, a daidai lokacin da mutane ke sayayyar biki, aka rasa rayuka da dama. A 20 ga Mayu 2014 wasu bama-baman suka tashi a Taminus, suka kashe mutum sama da 100, Musulmi da Kirista, yawancinsu masu ƙananan sana'a da masu cefane.

Kowane ɓangare yana da matattunsa, kowa yana da gidan da aka ƙona masa. An kafa kwamitocin bincike, na Mai Shari'a Fiberesima, na Mai Shari'a Niki Tobi, na Bola Ajibola, sun yi zama sun miƙa rahoto. Abin da ya rage a ƙasa shi ne gari ya rabu. Musulmi suka tattara suka bar unguwanni irin su Anguwan Rukuba, Kiristoci suka bar irin su Anguwan Rogo. Wasu sun sayar da gida da arha saboda gaggawa, wasu sun yi musayar gida da wanda ke son ƙaura zuwa inda suka baro, wasu har yau kangonsu yana nan tsaye ciyawa ta cinye shi.

Mu lissafa asarar ta fuskar neman abinci kawai. Mahaucin da ya shekara 20 yana yanka wa layi ɗaya nama ya rasa masu sayensa dare ɗaya. Littafin bashin mai tireda ya zama takardar banza, domin masu bashin suna can inda ba ya iya zuwa. Mai gidan haya ya rasa rabin masu neman ɗaki. Kasuwanni suka rarrabu, kowa ya kafa tasa a gefensa, kaya suka ƙara tsada saboda sai sun bi ta hannu biyu ko uku kafin su tsallaka titi ɗaya. Duk ranar da aka sa dokar hana fita, mai tumatir da mai kabeji su ne kayansu ke ruɓewa, mai turin baro da mai keke su ne ke kwana da yunwa. Masu jari da dama sun kwashe sun koma Abuja, Bauchi ko Kano. Babbar Kasuwa kuwa, fiye da shekara 20 bayan gobara, yunƙurin sake gina ta a 2022 ma gardama da zargin juna ne suka tsayar da shi.

Waɗanda suka riƙe amana

A nan ne muke son mu tsaya, domin wannan ɓangaren tarihi shi ne aka fi mantawa. A kowane rikici da aka yi a Jos, an sami mutanen da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka, suka tsaya a bakin ƙofa suka ce babu kowa a ciki. An sami Kiristan da ya raka iyalin Musulmi har inda jami'an tsaro suke, an sami Musulmin da ya sa wa maƙwabciyarsa mayafi ya fitar da ita daga layi. An sami wanda aka bar wa mabuɗin shago, ƙura ta lafa ya nemi mai shi ya damƙa masa kayansa cif. An sami wanda ya ci gaba da karɓar kuɗin haya yana aika wa mai gidan da ya ƙaura. Kusan kowane gida a cikinmu yana da irin wannan labari, sai dai ba a cika ba da shi a gaban yara ba, an fi ba da na wanda ya cuce mu.

Akwai kuma misalan da duniya ta shaida. Unguwar Daɗin Kowa, inda Musulmi da Kirista ke zaune a cakuɗe, ta tsallake manyan rikice-rikicen nan ba tare da mazaunanta sun far wa juna ba, saboda dattawa, malamai, fastoci da mata sun haɗa kai, sun tsawata wa nasu matasan, sun hana na waje shigowa. Har wata mai bincike, Jana Krause, ta yi nazari a kan yadda suka yi. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristocin Berom, a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tari maharan yana roƙonsu. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Abin lura a labarinsa shi ne, filin da aka gina masallacin a kai, mutanen garin ne suka ba Musulmi tun shekaru da dama da suka wuce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ta fuskar hukuma ma an yi ƙoƙari. Daga 2013 wakilan Afizere, Anaguta, Berom, Fulani, Hausawa, Ibo, Yarabawa, mutanen Kudu maso Kudu da mata sun yi ta zaman tattaunawa, har suka sa hannu a kan takardar alkawarin zaman lafiya a Disamba 2014. A 2016 gwamnatin Simon Lalong ta kafa hukumar gina zaman lafiya ta jiha. Amma takarda ba ta sayen tumatir. Abin da ke mayar da alkawari gaskiya shi ne mutum ya iya tsallaka titi ya yi cinikinsa ya dawo gida lafiya.

Ƙofofin da ke buɗe yau

Duk da abin da ya faru, ciniki bai mutu ba. Har yanzu mutumin Anguwan Rukuba yana zuwa Katako sayen katako da gwanjo, yana zuwa Dilimi neman kayan gyara, yana zuwa 'Yan Shanu idan biki ya taso. Har yanzu dillalinmu yana jiran dankalin Bokkos da Mangu, da kayan lambun da manoman Filato ke kawowa. Tun da aka hana acaba a cikin gari, masu keke ne ke ratsa iyakokin da sauran mutane ke tsoro, suna ɗaukar kowa. Wannan zaren da bai tsinke ba shi za mu kama.

Na farko, kayan gona. Filato ce kan gaba wajen noman dankalin Turawa a Najeriya, ga tumatir, kabeji, karas, koren wake, har da sitiroberi da ake nomawa a wajen Vom. Babbar matsalar ita ce asara bayan girbi. Duk wanda ya sa jari a ɗakin sanyi mai aiki da sola, ko busar da tumatir da tattasai, ko suyar dankali a ƙulla a leda, ko gyaran acca a tsabtace ta don masu ciwon suga da ke nemanta a manyan birane, ya kama hanya. Irin wannan sana'a tana buƙatar manomi, dillali, mai mota da mai shago, kuma da wuya a same su duka a unguwa ɗaya.

Na biyu, hidimar ɗalibai da ma'aikata. Ga Jami'ar Jos, ga asibitin koyarwa da ke Lamingo, ga makarantu birjik. Ɗakin haya, abinci, wanki da guga, aski, gyaran waya, cajin waya, shagon POS, kai saƙo gida-gida, duk kasuwa ce da ba ta yankewa.

Na uku, koyon sana'a. Mu daina cewa yaro sai a wurin namu zai koya. Idan gwanin haɗa sola ko walda ko ɗinkin zamani yana can ɗaya gefen, a nemi dattijon da zai tsaya a tsakani a kai yaron, mu ma mu karɓi nasu a garejinmu da shagunanmu. Yaron da ya ci abinci kwano ɗaya da wani shekara 3, da wuya a zuga shi ya ɗauki makami a kansa.

Na huɗu, ƙungiyoyin kasuwa da adashe. Shugabannin mahauta, 'yan gwari, direbobi da matan kasuwa suna da lambar wayar takwarorinsu na kowane ɓangare. Su ne ya kamata su fara kiran juna idan jita-jita ta tashi, kafin a rufe shaguna a fara gudu. Mu kuma masu riƙe da waya, kada mu tura hoto ko murya da ba mu tabbatar ba.

Godiya

Hausawa suka ce yaba kyauta tukuici. A madadin iyayenmu da suka zauna Anguwan Rukuba da sauran unguwannin da muka baro, muna miƙa godiya ga duk wanda ya ba kakanninmu masauki lokacin da suka zo da 'yar jakarsu, da wanda ya ba da aron fili aka yi lambu, da uwar da ta karɓi haihuwar matanmu cikin dare, da malamin makarantar da ya koyar da 'ya'yanmu bai bambanta ba, da ma'aikaciyar jinya da ta tsaya a kanmu, da mai sayen da ya riƙe mu shekara da shekaru. Godiya ta musamman ga waɗanda suka buɗe mana ƙofa ranar da buɗe ta ke iya jawo musu mutuwa. Muna kuma yi wa mutanen unguwar ta'aziyyar duk waɗanda suka rasa, kamar yadda muke jimamin namu.

Godiyar baki kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya san akwai tsohon maƙwabcin da ya yi wa gidansu alheri, ya neme shi tun yana raye, ko ta waya ce, idan hali ya yi kuma ya taka ya je, domin zumunta a ƙafa take. Wanda ake bin mahaifinsa bashi tun kafin ƙaura, ya bincika ya biya. Wanda aka bar wa ajiya, ya mayar. Iyaye kuma su zaunar da yara su faɗa musu sunan mutumin da ya taimake su, da sunan layin da suka zauna, don yaro ya san cewa a can ɗin ma akwai masu mutunci.

Dattawanmu da suka zauna Anguwan Rukuba, muna roƙon ku ba mu abin da kuka sani na tarihinta, mu rubuta mu adana tun kuna tare da mu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba Jos da Jihar Filato zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a kasuwancin kowa. Amin.